Maganin da ba a aikowa a jaka

Yaya, gaisuwa daga Gilasgo. Na ji saƙonka kan in sayo wa yarinyar nan maganin multiple sclerosis, cutar da ke lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, in aiko. Ka yi haƙuri, ba zai yiwu ba.

A nan Sikotland cutar ta yi yawa, har ma'aikatan jinya na musamman gare ta. Magani kyauta ne, tun 2011 aka daina biyan kuɗin takardar likita, ko da yake mu baƙi muna zuba fam 1,035 na kiwon lafiya duk shekara tare da kuɗin biza. Layin ganin likitan jijiya kuwa sai mai haƙuri, wata da watanni. Gida da kuɗinka a hannu gobe ka ga likita.

Sai dai galibin magungunan cutar aikinsu danne garkuwar jiki ne, don ita ce ke cin rigar jijiyoyi. Ƙwayar ƙarambau da mutum ya yi yana yaro ba ta fita, tana nan kwance a gindin jijiyoyi, gefen laka. Garkuwa na yin sanyi sai ta farka. Galibi ƙuraje masu raɗaɗi take fesowa a gefe ɗaya na jiki, amma wani sa'in lakar kanta take kamawa: ƙafa ta mutu, fitsari ya riƙe. Kai ka rantse multiple sclerosis ɗin ce ta tashi. In aka yi gaggawar ɗura prednisolone, maganin kumburi mai danne garkuwa, irin wanda kemis ɗin unguwa ke miƙowa ba tambaya, an ƙara wa wuta fetur. Nan sai an yi hoton MRI, an tsira allura a gadon baya an ɗebo ruwan laka an gwada, sannan a ɗaura aciclovir, maganin ƙwayar ƙarambau, ta jijiyar jini.

Shi ya sa kafin a ba ka fingolimod, ɗaya daga magungunan multiple sclerosis, sai an duba jininka ko ka taɓa yin ƙarambau. In babu, rigakafi tukuna, ka jira wata guda. Wani maganin kuma, ocrelizumab, sai an gwada ciwon hanta nau'in B, wanda ka san yadda ya cika gida.

Ban da haka, wa ya tabbatar multiple sclerosis ce ke damun yarinyar? Tarin fuka na ƙashin baya da ƙwayar HTLV-1 duk suna kashe ƙafa, kuma akwai su a yankinmu. Ku kai ta asibitin koyarwa wurin likitan jijiya, kuɗin hoton na wuyana. A gaida Inna.