Zaɓen Injin Ɗura Harsashi Don Gasar Harbi Daga Kan Tebur

A gasar harbin benchrest ta Amurka, wadda ƙungiyoyin NBRSA da IBS ke shiryawa, maharbi yana zaune ne bindigarsa na kan tebur, kuma burinsa shi ne harsasai biyar su bi ta rami ɗaya daga nisan yadi 100 ko 200. Tazarar da ke raba na ɗaya da na biyu takan kasance 'yan ɓurɓushin inci, shi ya sa kusan kowa yake ɗura harsashinsa da kansa. Injin da ake wannan aiki da shi yana matse kwanson da aka harba a cikin mazubi na ƙarfe domin ya koma girmansa, sannan ya dasa sabon kan harsashi a wuyan kwanson.

Tambayar farko da mai saye zai amsa ita ce inda zai riƙa yin ɗurin. Masu gajeren zango na yadi 100 da 200, waɗanda galibinsu ke harba harsashi nau'in 6mm PPC da Louis Palmisano da Ferris Pindell suka ƙirƙiro a shekarun 1970, suna ɗuri ne a filin gasa tsakanin zagaye da zagaye, domin sukan sauya yawan albarushi idan zafi ko laima ta canja. Irin wannan mutum ba ya buƙatar ƙaton inji. Ƙaramin injin Harrell's, wanda ake maƙalawa a gefen tebur, ya ishe shi matse kwanso, tunda kafaɗar kwanson ake turawa baya kaɗan, kamar kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci. Dasa kan harsashi kuwa ana yin sa da ƙaramin injin dannawa da hannu mai suna arbor da mazubin L.E. Wilson marar zaren murɗawa. A nan kwanso yana shigewa cikin mazubin gaba ɗaya ya zauna daram, sai a danna sandar sama a hankali, kuma hannu yana jin daidai ƙarfin da wuyan kwanson ya riƙe harsashin da shi. Wanda ya shiga da sauƙi fiye da 'yan uwansa sai a ware shi gefe. Wannan ji na hannu, a ganina, shi ne babbar fa'idar arbor, kuma nau'in kamfanin K&M mai ma'aunin ƙarfi yana mayar da shi lamba da ido zai karanta.

Masu dogon zango na yadi 600 da 1000 sun fi yin ɗuri a gida, kuma tsakanin injuna biyu suka fi kai kawo. RCBS Rock Chucker na ƙarfen zubi ne, yana da nauyi, ba ya saurin lanƙwasa a ƙarƙashin matsi, kuma yana karɓar mazubai masu zaren murɗawa mai girman 7/8-14 da kusan kowane kamfani ke yi. Forster Co-Ax kuma tsarinsa daban ne, domin ana zura mazubin ne a gurbinsa ba tare da murɗawa ba, yana ɗan motsi, haka ma haƙoran da ke kama gindin kwanso, ta yadda su biyun suke daidaita kansu a kan layi ɗaya. Sauya mazubi a kansa ba ya ɗaukar lokaci, sai dai ya fi tsada, kuma wasu dogayen mazubai sun taɓa yin karo da mariƙin tsofaffin samfuransa. Da za a ba ni zaɓi, Co-Ax zan ɗauka, amma mai Rock Chucker bai yi asara ba ko kaɗan.

Redding T-7, mai gurabe bakwai, ya dace da wanda ba ya son kwance mazubin da ya riga ya saita. Injunan Dillon masu fitar da harsashi a kowane jan mariƙi an yi su ne domin yawa, kuma wanda ke auna albarushin kowane kwanso ɗaya bayan ɗaya ba zai ci moriyar saurinsu ba.

Kafin a zuba kuɗi a inji mai tsada, ya kamata a san cewa karkatar harsashi ta fi fitowa daga mazubi da kaurin wuyan kwanso. Mai ƙaramin jari gara ya sayi inji matsakaici mai ƙwari, ya kashe ragowar kuɗin a kan mazubin da ya dace da ɗakin harsashin bindigarsa, da sikeli mai kyau, da agogon auna karkata wanda zai nuna masa ko abin da ya ɗura ya miƙe.