Wane wasan takobi da sihiri za ka saya? Shawara daga Jidda

Tun da hutun makaranta ya gabato, samarin unguwarmu suke damuna da tambaya ɗaya: yaya, wanne za mu saya a PlayStation? Wasanni huɗu suke yawo a bakinsu, Elden Ring da The Witcher 3 da Skyrim da Baldur's Gate 3, kuma duk na buga su. Sihirin da ke ciki dai lissafi ne da hoto, kada wani ya ɗauke shi da wata fuska.

Ni Elden Ring na zaɓa, wanda FromSoftware na Japan suka fitar a 2022. Dalilina shi ne makami a cikinsa ba ya yi maka aiki sai ka cancanta. Ka tsinci sandar sihiri alhali ba ka zuba makin ƙara ƙarfin jaruminka a Intelligence (wato basira) ba, sanda ce kawai ta dukan kare. Sihiri iri biyu ne: na sanda yana bin Intelligence, na hatimi yana bin Faith (wato imani), kowanne kuma yana shan shuɗin ma'aunin ƙarfin sihiri da ake kira FP. Takobin gama-gari maƙeri zai ɗaga maka shi har +25, na musamman ya tsaya a +10 da wasu duwatsu dabam. Sai Ashes of War, wasu fasahohin yaƙi da kake ɗora wa makami ka sauya masa dabara, har ka mai da shi na wuta ko na ƙanƙara. Takobin Moonveil da nake ji da shi, a ramin Gael na ƙwato shi daga wani dodo mai aman wuta, bayan kwana uku ina shan kashi. In ka ɓata makinka ma, Rennala, sarauniyar masu sihiri a wasan, za ta ba ka damar sake raba su in ka ba ta wani abu da ake tsinta mai suna Larval Tear. Wannan rangwame ne babba ga sabon shiga.

The Witcher 3 na 2015 yana da kyau: takobin ƙarfe na mutane, na azurfa na dodanni, da alamun sihiri biyar kacal. Amma akwai tsiraici, ban yarda a kai wa ƙanne ba. Skyrim ya tsufa, tun 2011, kuma sihirin makaminsa ƙarewa yake sai ka cika da wani dutse mai suna soul gem. Baldur's Gate 3 kuwa jiran layi ne da jefa ɗan lido mai fuska 20, ba na masu gajen haƙuri ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Bara na sayi faifan Elden Ring a wani shago da araha, ban duba bayan kwali ba. Ashe na Amurka ne. Da na sayi ƙarin wasan, wato sabon ɓangaren da ake saya dabam mai suna Shadow of the Erdtree na 2024, da asusuna na Saudiyya, sai ya ƙi hawa, domin ƙari yana bin yankin faifai ne, kuma ƙasar asusun PlayStation ba ta canzuwa. Na koma shagon, mai shi ya ce wanda aka buɗe ba ya dawowa. Kuɗin ya tafi. In ka ga tambarin ESRB, hukumar tantance shekarun masu wasa, a kwali, na Amurka ne, ajiye shi.

Masu tallan asusu a WhatsApp sun fi wannan muni. Za su ce wasa goma a riyal talatin, ka biya, bayan mako biyu mai asusun ya sauya kalmar sirri, ka rasa wasan da duk wahalar da ka sha. Haka masu sayar da runes (kuɗin cikin Elden Ring) da makamai “cikakku”: wasu da kutse aka ƙirƙiro su, kana iya jawo wa kanka a hana ka wasa da mutane ta intanet. Faifan hannu kuma, kar ka miƙa ko riyal ɗaya sai an saka shi a na'ura gabanka ya tashi. Kuma ka sani, ko ka sayi ƙarin daidai, ƙofarsa ba za ta buɗe ba sai ka kayar da manyan abokan gaba biyu, Radahn da Mohg.