Waina da Miyar Taushe ko Dafa-duka da Kaza: Wanne Zai Fitar da Ke Kunyar Sallah?

Assalamu alaikum 'yar uwa, barkanmu da shan ruwa. Kin ce kuɗin cefanen Sallah da maigida ya iya ba ki bana, in kin matsa su, za su sayi kaji biyu da kwanon shinkafa biyu da ɗan kayan miya. Ku bakwai ne a gida, ga gidaje shida da kika saba kai wa abinci, har da gidan surukai. Kina so ki san wanne zai fi rufa miki asiri: dafa-dukar shinkafa da soyayyar kaza kamar yadda kika saba, ko waina da miyar taushe. Ni dai shawarata ki yi waina. Amma da sharaɗi, kuma zan zo kansa, don waina ma tana da nata cin da ba a ganinsa sai an zauna gaban tanda.

Mu fara da nama, tunda nan kuɗin Sallah ke tafiya. Kaza 'yar gidan gona, in an yanka ta yankan mutunci, gida 8 take bayarwa. In aka ƙanƙanta ta sosai a samu 12, har da wuya da ƙashin baya. Kaji biyu ke nan tsoka 24 in an kai maƙura. Ki sa uku-uku a kwano shida, 18 sun tafi, saura 6, ku kuma bakwai ne, ba a ma yi maganar baƙin da za su shigo gaisuwar Sallah ba. Kuma kin sani na sani, kwanon gidan surukai ba za ki iya sa masa uku ba. Matsalar dafa-duka ke nan: namanta a sama yake zama, da an buɗe kula shi ido ke fara gani, kuma da shi ake auna girkin. Shinkafar ko ta kai yaya daɗi, in tsokar ta yi kaɗan sai a ga kamar an yi rowa. Ga shi kaza ba ta taɓa tsada kamar kwanaki ukun ƙarshen azumi, lokacin da kowa ya fito nemanta.

Miyar taushe ba ta neman tsoka. Ƙashi take so. Da kuɗin kaza ɗaya ki je wurin mahauci da sassafe ki ce ya haɗa miki ƙashi mai ɓargo da tantaƙwashi da ɗan kayan ciki, in da hali a ƙara ganda. Wannan shi ke ba taushe ɗanɗanon da tsokar kaza ba za ta taɓa ba ta ba, domin romon ƙashin da ya daɗe a wuta shi ne ƙarfin miyar. Naman yana cikin miya, ya narke ya bi ko'ina, ludayi biyu in kin zuba a langa za a ga nama a ciki, ba kuma wanda zai tsaya ƙirga. Kuɗin kaza ta biyun ya zauna a hannunki. In kina so ki saye ta ki soya wa yaranki da maigida su ci a gida, in kuma ba ki so ki ƙara a kuɗin mai da gawayi.

Ta ɓangaren shinkafa ma akwai tazara. Dafa-duka tana son doguwar shinkafa turarriya mai tsayawa warara, wadda ta fi tsada a kasuwa. In kika yi ta da mai arha za ki sha tsintar tsakuwa, ko ta caɓe miki a tukunya. Waina kuwa farar shinkafar tuwo take so, ɗanya wadda ba a turara ba, kuma ko karyayya ce babu laifi tunda inji za ta je. Kada ki kuskura ki yi da turarriya, ƙullun ba zai yi danƙo ba, wainar ta dinga wargajewa a tanda. Sannan ƙullu tashi yake yi. Kwano ɗaya da kika jiƙa, in ya sha yis ya kumburo, sai ki ga ya kusa cika bokiti. Kwanon shinkafa biyun da za su cika kuloli shida da ƙyar in dafa-duka ce, a waina za su isa rabo, su isa gida, a kwana da saura. In ma kina so ki ƙara auki, ki haɗa da surfaffiyar farar masara kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Wainar za ta ɗan rage laushi, amma da miya a kai ba kowa zai gane ba. Kada dai masarar ta rinjayi shinkafar.

Kayan miya kuwa, gaskiya a wannan lokacin bambancin ba shi da yawa. A shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa ne tsakanin Maris da Afrilu, lokacin da tumatirin rani na Kadawa da Kura da sauran wuraren noman lambu bai gama janyewa daga kasuwa ba. Wadda ke Kano in ta leƙa Yankaba da safe za ta samu da sauƙi. To jan da dafa-duka ke nema ba zai karya ki ba. Inda take cin kuɗi shi ne ƙananan abubuwan da ba a sa su a lissafi tun farko: karas, koren wake, koren tattasai, kori, kabejin da za a yanka a gefe, kowanne da kuɗinsa, kafin ki ankara sun cinye rabin kuɗin kaza. Taushe kuwa jikinta kabewa ce da gyaɗa. Rabin kabewa babba, gwangwani biyu na gyaɗa, alayyafo, 'yar yakuwa don tsami, albasa, tattasai da attaruhu, daddawa. Tumatir kaɗan ya isa, wasu ma ba sa sawa. Wannan ya fi amfani a Babbar Sallah, wadda yanzu take zuwa a farkon damina lokacin da tumatir ke wuta. Duk wadda ta yi cefane a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, ta san ranar da kabewa ta ceci tukwane.

To yanzu ga inda waina ke ramawa. Na farko mai. Kowane gurbin tanda sai an ɗiga masa mai kafin a zuba ƙullu, kuma haka za a yi ta yi har ƙullun ya ƙare. In tandar sabuwa ce ko ta daɗe a ajiye, shan mai take yi ba kaɗan ba, ta kuma dinga kama waina. Ki fito da ita tun ana saura kwana biyu, ki wanke, ki shafe ta da mai ki ɗora a wuta ta gasu, sannan ki sake shafawa. Ranar suya kada ki dinga tsiyaya mai daga kwalba. Ki zuba a ɗan kofi, ki riƙa ɗiba da ƙaramin cokali, rabin cokali a kowane gurbi ya isa in tandar ta yi zafi yadda ya kamata. Duk da haka ki sa a ranki man da waina za ta ci ya fi na dafa-duka, sai dai ki tuna ita ma kaza da mai ake soya ta, kuma ba kaɗan ba.

Na biyu wuta. Dafa-duka sa'a ɗaya zuwa biyu an sauke. Suyar ƙullun kwano biyu a tanda ɗaya kuwa za ta iya cin sa'o'i uku ko fiye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai na girki ya tashi, kuma wadda ta ɗora tanda a kan gas tun asuba za ta ji a jikinta kafin wata ya ƙare. Ki yi da gawayi a kurfoti ko itace a murhu. Dama tandar ƙasa ta fi son garwashi, zafin ya fi ratsa ta daidai, bayan wainar ya yi ja, cikinta ya nuna. Ƙashin miya ma a kan gawayin za ki dafa shi tun daren jajibere.

Na uku, kuma shi ne sharaɗin da na ce, jiki da lokaci. Waina ba aikin mutum ɗaya ba ne ranar Sallah. Mai suya ba ta tashi. Ta ɗiga mai, ta zuba ƙullu ta bi gurabe, kafin ta kai na ƙarshe na farkon ya fara ƙananan huji a sama, gefensa ya kama, sai ta sa cokali ta juya, ta ɗan ƙara mai, ta kwashe, ta sake zubawa. In ta tashi ɗaukar yaro ko duba miya, layi guda ya ƙone. Saboda haka ki duba gidanki. In kina da 'ya budurwa, ko ƙanwa, ko maƙwabciyar da za ku haɗa ƙullu ku kafa tanda biyu ku raba aiki, to bismillah. Haɗa hannu da maƙwabciya ma ya fi, don kuɗin markaɗe da gawayi duk rabawa za ku yi. In kuwa ke kaɗai ce ga goyo ga ƙananan yara da za a yi wa wanka a shirya su zuwa idi, kada ki wahalar da kanki. Amma ko a nan ba dafa-duka zan ce ki koma ba. Ki tuƙa tuwon shinkafa da wannan farar shinkafar, ki yi miyar taushen nan yadda na faɗa. Duk ribar nama da ta kayan miya tana nan, kin huta da mai da zaman tanda, kuma tuwon shinkafa da taushe abincin Sallah ne tun kaka da kakanni, babu gidan da za a kai shi a raina.

Akwai kuma maganar ganin wata, wadda dafa-duka ba ruwanta da ita amma waina tana da. Daren 29 ga Ramadan kowa kunnensa na rediyo yana jiran sanarwar Sarkin Musulmi. In kika jiƙa shinkafa tun rana kika markaɗa, wata kuma bai tsaya ba, ƙullu zai kwana biyu a wannan zafin ya yi tsamin da ba ya gyaruwa. Dabarar ita ce ki wanke shinkafar ki jiƙa bayan la'asar, amma kada ki kai inji sai an yi sanarwa. In an ga wata, ta riga ta jiƙu, sai markaɗe. In ba a gani ba, ki tsane ta a kwando ki baza ta sha iska, gobe ki sake jiƙawa na ɗan lokaci. Ki yi magana da mai injin unguwarku tun da wuri, don daren Sallah layin bokitai har waje yake kaiwa, wuta kuma ba tabbas.

Wajen haɗin, a duk gwangwani huɗu na shinkafa ki ware ɗaya ki dafa shi ya yi luguf, ya huce, ki haɗa da jiƙaƙƙiyar da albasa a markaɗa tare. Dafaffiyar nan ita ce sirrin laushi. Kada mai inji ya cika miki ruwa, ƙullu mai kauri ana iya sassauta shi, tsararo kuwa sai dai haƙuri. Yis cokali ɗaya babba ya ishi gwangwani huɗu, da ɗan sukari. A zafin bazara cikin sa'o'i biyu zuwa uku ya tashi, don haka in kin markaɗa da dare ki rage yis ɗin, ki ajiye bokitin inda iska ke kaɗawa. Da asuba ki ɗanɗana. In ya yi tsami ki zuba ɗan ruwan kanwa kaɗan-kaɗan kina juyawa, kada ki zarce wainar ta yi rawaya tana warin kanwa. Gishiri da ragowar sukari sai za ki fara suya, kuma sukarin kada ya yi yawa, shi ke sa waina ta ƙone a waje cikinta bai nuna ba.

Ta fannin ajiya, waina ta fi. Dafa-dukar da aka rufe da zafinta a kula tun hantsi, musamman mai karas da koren wake, kafin magariba ta fara sauya wari in babu firiji. Waina kuwa in kin bari ta sha iska kafin ki rufe, za ta kai gobe lafiya, ki ɗumama a tanda ko a madambaci, yara su karya da ita ranar yawon Sallah, ko da ƙuli da ɗan mai, ko da zuma. Miyar ce mai son kulawa, domin gyaɗa ba ta jure zafi. Ki tafasa ta sosai da yamma, ki sake tafasawa kafin ki kwanta, kada kuma kowa ya sa mata cokalin da aka ci abinci da shi. Alayyafon ma ki sa shi a ƙarshe, minti kaɗan kafin saukewa, don kada ya yi baƙi.

Abu ɗaya da dafa-duka ta fi waina a kai, ban da sauƙin aiki, shi ne yara. Yaran yanzu da yawa Sallah a wurinsu shinkafa ce da cinyar kaza da lemo, kuma ban ga laifinsu ba, wata guda suna jiran ranar. Shi ya sa na ce kuɗin kaza ta biyun ki riƙe. Ki sayi ɗaya tun ana saura mako kafin farashi ya hau, in kina da inda za ki ɗaure ta ki ba ta dusa da ruwa. Ranar Sallah waina ta fita rabo, ku ma ku ci. Washegari, da hayaniya ta lafa, ki ɗebi gwangwani uku na shinkafar dafawa ki yi musu 'yar dafa-dukarsu, ki soya kazar ki yanka ta gida takwas, kowa a gidan ya samu tsoka guda ta kirki, ta takwas ɗin ki ƙara wa maigida.

Wajen zuba na rabo, waina 10 zuwa 12 a kwano ta isa gidan maƙwabta, na surukai ki ninka, ki zaɓa musu waɗanda suka fi yin ja da kumburi, miyarsu kuma a langa daban da ƙashi mai ɓargo a ciki. In kina da ɗan man shanu ki soya shi da albasa ki ɗiga a kan miyarsu. Allah ya karɓi ibadunmu, ya kai mu Sallah lafiya, ya buɗa wa maigida.