Ajin rawar gargajiya da na sa autata lokacin hutu

Maƙwabciyata ce ta min maganar wurin, nan cikin Kaduna, wai suna koya wa yara rawar gargajiya lokacin dogon hutu. Babansu da farko cewa ya yi shi fa ba zai biya kuɗi a koya wa 'yarsa tsalle-tsalle ba, sai da na je na gano da idona, mata daban maza daban, shiga ta mutunci, ana kiran la'asar kuma ake tsayawa a yi sallah, sannan ya yarda.

Autata shekararta 9, irin yaran nan ne da in baƙo ya yi sallama sai bayan labule. Satin farko ko ƙafa ba ta ɗaga ba, ni har na fara jin haushin kuɗina amma antin tasu ko a jikinta, ba tsawa ba bulala, kawai ta miƙa mata kacau-kacau ta ce ki dinga kaɗa mana daidai da kiɗan. Ashe dabara ce. Sati na biyu da kanta ta ɗaura shi a ƙafa ta shiga layin 'yan Koroso.

Suna koyar da Koroso da ɗan Swange na Tibi, amma ni abun da ya tafi da ni shi ne ƙarshen aji, mai kalangu ya saki kiɗa kowace yarinya ta fito da nata takun, wacce ta ɓata ma ba a mata dariya, sai anti ta ce kowa ya yi irin nata, kafin ka ce me kuskuren ya koma salo. A nan yarinyar nan ta ƙirƙiro rawar lugude, wai daga kallon masu daka a gidan kakarta, wallahi har a wasan rufe aji sun saka, ina zaune ina share ƙwalla kaman wata mara aiki.

Inda suka gaza, ɗakin akwai zafi, nepa na ɗaukewa shikenan fanka ta tsaya, janareto kuma kullum wai ba mai. Lokacin tashi ma ba sa kiyayewa, a ce 5:30 sai ki yi ta zama a waje har kusan magariba. In za ki kai naki ki haɗa su da gorar ruwa babba, ta wurin ba ta isarsu.