VueScan ta tashi tsohuwar sikanata daga suma

Sikanata, na'urar da nake kwafar hotuna da takardu zuwa kwamfuta da ita, ta haura shekara 15 a hannuna, kuma lafiyarta ƙalau, gilashinta ko ƙwarzane babu. Ranar da na sauya kwamfuta zuwa mai Windows 11 ne rigima ta tashi. Na jona waya, fitilar ciki ta ɗan yi gurnani ta matsa, kwamfuta kuwa ta yi kunnen uwar shegu da ita. Da na leƙa shafin kamfanin da ya ƙera ta, sai na tarar direban ƙarshe da suka fitar na zamanin Windows Vista ne, mai bit 32 (direba ita ce 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura). Ita kuwa Windows 11 bit 64 kawai take zuwa, direban bit 32 ba ya aiki a kanta.

Na fara da NAPS2, wata manhajar sarrafa sikana, tunda kyauta ce. Manhaja ce mai tsafta, amma ta kan direban TWAIN ko WIA take bi kafin ta kai ga na'ura, ni kuma direban ne ba ni da shi.

Daga nan na sauke VueScan, wadda Ed Hamrick ya fara fitarwa a 1998. Masu ita sun bi diddigin yadda dubban tsofaffin sikana ke magana da kwamfuta, suka rubuta nasu direbobin. Ina buɗe ta sai ga sunan sikanata ya fito da kansa. Na ɗora hoton mahaifina yana saurayi, wanda ya koɗe har ya koma ruwan goro, na sa shi a kan dpi 600 (ma'aunin kaifin hoto), na danna zaɓin dawo da launin da ya dushe. Ashe rigar da na ɗauka ruwan ƙasa ce tun ina yaro shuɗiya ce! Na jima ina kallonta.

Ba kyauta ba ce. Ta gwaji tana buga tambari a kan duk abin da ka ɗauka, amma ya isa ka tabbatar na'urarka na aiki kafin ka fitar da kuɗi. Ka kuma duba jerin sikanonin da ke shafinsu, don akwai 'yan kaɗan da har yanzu sai da direban kamfani. Zaɓuɓɓukanta suna da yawa, a daren farko sai da na ɓata a cikinsu, daga baya na gane uku ko huɗu ne nawa.

Na biya a rana ta biyu. Yanzu ina kan ambulan na uku na tsofaffin hotunan, saura takwas a cikin akwati.