Gargaɗi ga masu ɗaukar hoto kan damfarar gilashin kyamara mai jawo nesa

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwa masu sana'ar ɗaukar hoto da bidiyo, musamman matasan da suka daɗe suna tara jari domin sayen gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, wanda aka fi sani da 70-200mm f/2.8. Akwai mutanen da ke baza talla a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp suna cewa suna da wannan gilashi na Canon ko Nikon ko Sony a kan kuɗin da bai kai rabin farashinsa ba. Wanda suke farauta shi ne mai hoton da ransa ke kan gilashi mai tsada amma aljihunsa bai wuce na mai araha ba, domin shi ne ya fi saurin yarda idan aka ce masa zai sami na farkon da kuɗin na biyun.

Ba wanda zai ga laifin mai son wannan gilashi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kamu ko walima a zauren taro mai ƙarancin fitila, ko ya tsaya nesa da dawakai ranar Hawan Daushe bayan rana ta yi sanyi, ya san abin da f/2.8 ke yi. Lambar tana nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga, ƙaramar lamba na nufin ƙofa mai faɗi, kuma f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na abin da f/5.6 ke shigarwa. Wannan shi ne bambancin hoton amarya mai tsafta da hoton da ya cika da ɗigo-ɗigo ko ya yi rawa. Shi ne kuma dalilin tsadar. Canon EF 70-200mm f/2.8L IS III ya fito kasuwa a 2018 a kan dala 2,099, Sony FE 70-200mm f/2.8 GM OSS II kuma ya fito a 2021 a kan kusan dala 2,800, alhali Canon EF 75-300mm f/4-5.6 III ana samunsa sabo a wajen dala 200. A cikin wannan tazara mai faɗi 'yan damfara suke kafa tarkonsu.

Akwai lissafi guda ɗaya da ya kamata kowane mai hoto ya haddace, domin ba mai iya yi masa ha'inci. Idan aka raba tsawon jan gilashi da lambar ƙofar haskensa, ana samun faɗin ƙofar. A raba 200 da 2.8, za a sami milimita 71 da 'yan kai. Ma'ana, duk gilashin da aka ce yana kai 200mm a f/2.8, dole ne madubin gabansa ya kai wannan faɗi, shi ya sa na Canon da Nikon da Sony duk suke ɗaukar murfin tace haske na 77mm. Idan aka nuna maka siririn gilashi mai baki 58mm aka ce f/2.8 ne har ƙarshen jansa, to ƙarya ce, ko da an yi masa farin fenti da jan zobe irin na manyan gilasan Canon. Nauyi ma shaida ne. Na Canon ɗin yana kusan kilo ɗaya da rabi, shi kuwa 75-300mm bai kai rabin kilo ba.

Salon damfara na farko shi ne mafi rashin kunya. Akwai dogayen gilasai da ake rubuta musu 420-800mm, waɗanda ake sayarwa da sunaye barkatai a kasuwannin intanet a kan kuɗi kaɗan. A asalinsu ba haramtattun kaya ba ne, kuma a jikinsu an rubuta f/8.3 zuwa f/16. Amma ɗan damfara yakan ɓoye wannan lamba, ya ɗora hotunan tsuntsaye ko 'yan ƙwallo da aka ɗauka da wani gilashin dabam, ya kira kayansa gilashin ƙwararru. Gaskiyar ita ce hasken da f/8.3 ke shigarwa kusan kashi ɗaya cikin tara ne kawai na abin da f/2.8 ke shigarwa, kuma irin wannan gilashi ba ya saita hoto da kansa, ba shi da na'urar hana hoto rawa idan hannu ya motsa, ba shi ma da ƙananan haƙoran lantarkin da ke haɗa shi da kyamara. Idan aka ɗaura shi, kyamarar Canon takan nuna 00 a gurbin lambar ƙofar haske, ta Nikon kuma ta nuna F da layuka biyu. Wanda ya je ɗaukar biki da shi da daddare zai dawo ba hoto ko ɗaya da zai iya miƙa wa masu biki.

Salo na biyu ya fi wuyar ganewa, kuma shi ya fi cin manyan kuɗi, domin gilashin na gaske ne, sai dai ba shi ne samfurin da aka ambata ba. Canon ya fitar da 70-200mm f/2.8 har sau huɗu a jerin EF: marar na'urar hana rawa a 1995, mai ita a 2001, samfuri na biyu na mai na'urar a 2010, sai na uku a 2018. Duka farare ne, duka masu jan zobe ne, kuma na biyu da na uku sun yi kama ƙwarai har a nauyi, ta yadda a hoton waya ba kowa ne zai bambance su ba. Mai sayarwa sai ya tallata na uku ya aiko da na biyu, ko ya tallata mai hana rawa ya aiko da na 1995. A ɓangaren Nikon akwai alama a fili: a samfurin 2016 mai haruffan FL zoben jawo hoto yana gaba, a na 2009 kuwa yana kusa da jikin kyamara. A Sony sikeli ne zai raba gardama, domin GM na farko na 2016 yana da giram 1,480, na biyun kuma giram 1,045.

Hanya mafi inganci a nan ita ce ka je da kyamararka da katin ajiyarka. Ka ɗaura gilashin da hannunka, ka sa shi a f/2.8, ka juya daga 70 zuwa 200 kana kallon lambar, domin a na gaske ba ta motsawa. Sannan ka ɗauki hoto ka duba bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsa, waɗanda ake kira EXIF, inda bayanin gilashin ke fitowa. Kada ka karɓi hoton da mai sayarwa ya turo maka a matsayin hujja, domin ana iya sauya waɗannan bayanai a kwamfuta cikin minti kaɗan. Ka haska fitilar waya ta bayan gilashin ka leƙa ta gaba, ko za ka ga funfuna mai kama da zare-zare ko hazo a ciki, abin da ke yawan kama kayan da suka zauna a wuri mai danshi. Ka duba kawunan ƙananan kusoshinsa, idan sun cinye to an taɓa kwance shi. Ka gwada lambar da ke jikinsa da ta kwali da ta rasit. Mai sayarwar da ya ce ba lokacin yin wannan duka, ya riga ya gaya maka abin da yake ɓoyewa.

Salo na uku babu ma gilashin kwata-kwata. Ana kwaso hotuna daga shafukan sayar da kayan hannu na ƙasashen waje, a ce ɗan'uwa ne ya kawo daga Ingila ko Dubai, ko a ce rashin lafiya ce ta sa za a karyar da shi. Daga nan sai matsin lamba: wani ya riga ya taya, ka turo kafin alƙalami a riƙe maka, za a ba direba a tasha ya kawo maka gobe. Wasu har hoton kwali da takardar aike suke turowa, sannan su sake neman kuɗin mota, kafin a nemi layin a rasa. Sau da yawa sunan da ke kan asusun banki ba shi ne na mai tallar ba, kuma sukan ƙi kiran bidiyo. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a tura ko sisi a kan kayan da darajarsu ta kai ta jarin mutum gaba ɗaya alhali ba a riƙe su a hannu ba. Idan garin da nisa, a wakilta abokin sana'a da ke can ya je da kyamararsa ya gwada.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne akwai araha ta halal da mutum zai iya bi ba tare da ya kusanci waɗannan mutane ba. Tamron SP 70-200mm f/2.8 G2 ya fito a 2017 a kan dala 1,299, kuma yana da na'urar hana rawa. Masu Sony suna da Tamron 70-180mm f/2.8 na 2020 mai giram 810. Kamfanin Sigma ma yana da nasa. Wanda yawancin aikinsa da rana ne, Canon 70-200mm f/4L zai wadatar da shi, ga kaifin hoto ga sauƙin ɗauka. A ganina, tsohon gilashi da aka sayar maka da sunansa na gaskiya da farashinsa na gaskiya, a shagon da za ka iya komawa, ya fi dacewa da mai fara sana'a.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya garzaya bankinsa nan take da shaidar tura kuɗin ya shigar da ƙorafi, domin ana iya riƙe asusun da aka tura wa idan an yi sauri. Ya adana hirarrakin da lambar waya da lambar asusun da hoton tallar kafin a goge su, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. A Najeriya dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Ya kuma sanar da ƙungiyar masu hoto ta garinsu da lambar asusun da salon tallar, domin masu wannan aiki sukan sauya suna su dawo da hotunan nan dai a wani zauren.