Land Rover mai ruwan hoda da na tsinto a gwanjo

Ni mai gyaran rediyo da fitilun sola ne a wani ƙauye kusa da Ɗambatta, kuma tun ina yaro ba a kama ƙafata a ƙera motar kara da ta langa-langa. Bayan babbar sallar bara na shiga Kano sayen kayan gyara, na ratsa ta Ƙofar Wambai, sai na hango wani kwali da ya sha jiki a cikin tarkacen kayan wasan yara na gwanjo. Hoton motar soja ne a jikinsa. Da na buɗe ban ga mota ba, sai guntayen roba manne a jikin firam, da takarda mai nuna yadda ake harhaɗa su. Mai kayan ya ɗauka karyayyen abu ne, ya sallama mini a kuɗin da bai kai na kaza ba.

Motar Land Rover ce, doguwar nan samfurin Series IIA mai inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya, wadda rundunar SAS ta sojan Birtaniya ta karɓa a 1968 don aikin sahara irin ta ƙasar Oman. Ba ƙofa, ba rufi, ba gilashin gaba, ga safayar taya kwance a goshi. Fentin ruwan hoda suka riƙa yi mata, saboda a sahara wannan launin yana sajewa da rairayi daga nesa, shi ya sa ake ce mata Pink Panther. An rage girmanta sau 35, wato 1/35, don haka inci 109 ɗin nan ya dawo kusan santimita 8, motar gaba ɗaya ta zauna a tafin hannu.

Zubin robar na shekarun 1970 ne, kuma tsufansa bai ɓuya ba. Amma sai na fara da yabo, don ta cancanta. Shasi ya zauna daram, tayoyi huɗu duk suka taɓa ƙasa ba tare da na murɗa komai ba. Bonet da fuskar motar, da fitilun nan biyu da ke kusa da juna a tsakiya, kowa ya gani ya san Land Rover ce. Baffana, wanda ya yi karen mota a irinta zamanin En'e, yana ɗaga ta ya ce, “Kai ɗan nan, ai wannan ita ce ta bature mai allurar shanu, sai dai an tuɓe mata riga.” Takardar ma ba ta buƙatar Turanci, zane da lamba sun wadatar.

Inda take da rauni shi ne ƙananan abubuwa. Duk abin da ya kamata ya zama siriri ya fito da kauri. Maɗaurai da igiyoyi an zuba su manne da jikin kaya kamar zane. Hannuwan jarkoki sun cure wuri guda, alhali jarkar soja ta gaske hannu uku gare ta: mutum ɗaya ya kama na tsakiya, mutum biyu su kama na gefe. Ga kuma tabo zagayayye nan da can, inda injin zubi ya tunkuɗo robar. Lambobin mannawa kuwa, wato sitikar da ake jiƙawa a liƙa a jikin motar, sun riga sun mutu, ina tsoma su a ruwa suka dagargaje kamar tsohon ganye.

A nan ne sana'ar yarinta ta yi mini rana. Na kankare hannuwan jarkoki da reza, na lanƙwasa sababbi da wayar tagulla da na warware daga taransifomar wata matacciyar rediyo, uku-uku, da hantsaki. Wannan kaɗai ya ci mini dare huɗu, kuma biyu sun yi tsalle sun faɗa ƙasa, har yau ban gan su ba. Maɗaurai na yanka su daga takardar gwangwani mai rufe bayan ƙwayar magani, domin tana lanƙwasuwa ta tsaya inda aka ajiye ta. Farantan ƙarfe masu huji da ake shimfiɗa wa taya idan ta kafe a rairayi, na yi su da gwangwanin lemo: na goge fentin da samfefa, na ɗora a kan katako, na bi da allura layi-layi. Sau uku ina zubarwa kafin hujin ya miƙe. Tamfol naɗaɗɗe kuwa takardar goge hannu ce da na jiƙa da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa, na naɗe, na ɗaure da zaren ɗinki. Ragar ɓoye mota bandeji ne da na rina da ruwan shayi.

Eriya ta fi komai ba ni daɗi. Ka yanko guntun firam ɗin roba da ya rage, ka riƙa juya shi a saman kyandir har ya yi laushi, ka ɗauke daga wuta ka ja a hankali. Sai ya miƙe ya zama siriri kamar gashin wutsiyar doki. In ka yi gaggawa ya tsinke, in ka daɗe ya kama da wuta, hayaƙinsa kuma ba na shaƙa ba ne.

Kuskurena biyu, kuma duk nawa ne. Na gwada fentin mota da aka sirka da tina a kan safayar taya, nan take robar ta yi laushi, zanen tayar ya narke. Wannan robar ba ta shiri da tina ko fetur. Dole na rufe wurin da tamfol, na koma fentin ruwa irin na masu zane, na haɗa fari da ja da ɗigon ruwan ƙasa, na shafa siriri sau huɗu. Na biyu, na bar ta ta bushe a bakin taga ana tsakiyar hunturu. Da safe ta zama kamar an barbaɗa mata gari. Na so in yi takaici, sai na lura ƙurar ta kwanta a lungu-lungu daidai inda take kwanciya a motar gaske. Na goge saman, na bar sauran, har na ƙara da rairayin bakin rafi da na tankaɗe da rariyar uwargida. Ta ce, “Malam, yanzu rariyar tuwon ma ta shiga soja?”

Wanda yake son ya manna ya gama a yini ɗaya, zai samu mota mai kyau daga nesa, amma fayau daga kusa. Wanda hannunsa ya saba da reza da waya, kuma yana da haƙurin wata biyu, na ba shi shawara ya saya in ya gani, ya fara ƙirga guntayen da lambobin takarda kafin ya biya, ya kuma nisanta ta da ɗakin kwano lokacin bazara, don zafi yana lanƙwasa robar.

Yanzu tana cikin kwabar shago, ƙarƙashin wata tsohuwar robar alewa mai haske. Yaran makarantar allo kan taru suna leƙe bayan la'asar. Ɗan ƙanwata ya kawo mini tasa ta kara jiya, ya ce, “Kawu, saura jarkoki.” Na ba shi ragowar wayar tagulla da hantsaki, na ce hannu uku-uku zai yi.